Fayilolin filashi sun koma shotkot: ina cutar take?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da fotokwafi kusa da wata makaranta a Zariya. Duk filashin da aka sa a kwamfutata, sai foldodin ciki su ɓace, shotkot (alamar da ke kai mutum ga fayil, ba fayil ɗin kansa ba) ya maye gurbinsu. Na yi wa nawa fomat, abin ya dawo. Ɗalibai har sun fara cewa ni ke cinye musu aiki. Windows 7 nake amfani da ita. Mene ne mafita?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, da wuya a ce fayilolin sun salwanta. Ɓoye su aka yi. Wannan bairos ɗin yana sa wa foldodi alamar ɓoyewa, sai ya ajiye shotkot masu sunayensu. Da an danna ɗaya, foldar za ta iya buɗewa lafiya lau, amma a bayan fage bairos ya riga ya shiga kwamfutar. Shi ya sa fomat bai yi maka amfani ba. Ka wanke tulu ne ka koma ɗiba a gurɓatacciyar rijiya, kuma rijiyar ita ce kwamfutarka.

Saboda haka daga kwamfutar za ka fara, ba tare da filashi a jikinta ba. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Nemi wscript.exe cikin abubuwan da ke gudana ka tsayar da shi. Shi kansa na Windows ne, ba cuta ba ne, kada ka goge shi; aikinsa kunna fayiloli masu ƙarewa da .vbs ko .js, kuma da shi yawancin irin wannan bairos ke fakewa. Daga nan danna maɓallin Windows da R, rubuta msconfig, shiga Startup. Duk abin da ka ga yana kiran wscript, ko mai suna barkatai da ke zaune a foldar AppData ko Temp, cire masa alama, ka lura da inda yake, ka je ka goge shi. Sai ka sabunta antibairos ka bar shi ya bincike kwamfutar gaba ɗaya, ko zai ci rabin yini.

Yanzu sa filashin, amma kada ka danna komai a ciki. Duba harafin da aka ba shi, a ce F ne. Buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Foldodin za su bayyana. Wani lokaci za ka tarar da duk kayan an tara su cikin wata folda marar suna. Kwashe su, ka goge shotkot ɗin da duk baƙon fayil ɗin .vbs.

Gaskiya kuma, Windows 7 ba ta dace da shagon da filashi ke shige da fice ba. Microsoft ta daina toshe mata ɓaraka tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma tallafinta na yau da kullum ya ƙare a 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, kuma idan furosesan Intel ne, sai daga zubi na 8 zuwa sama, abin da yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su da shi. Idan za ka canja, ka guji Windows marar lasisi da masu gyara ke fasawa. Sau da yawa sai an kashe tsaro kafin a kunna ta, kuma haka ake barin ta.

Kafin nan, buɗe wa yaran shago asusun da ba na Administrator ba. Ba zai hana wannan bairos shiga ba, amma zai rage ɓarnar da zai iya yi. Idan kana da wata tsohuwar kwamfuta a ajiye, sa mata Linux Mint, wata manhaja ce da ke maye gurbin Windows, kuma kyauta ce, ta zama wurin karɓar filashin kwastoma, domin shotkot ɗin Windows ba ya aiki a kanta. Ɗaliban da za su iya kuwa, su riƙa turo maka PDF ta imel ko WhatsApp.