Filin Tambayoyinku: Gyaran Tsohon Zauren Ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasan wata unguwa ne a birnin Zariya, mun yi karo-karo za mu gyara zauren gidan kakanninmu. Yaɓen yana zubewa, rufin yana yoyo. Wasu sun ce mu shafe shi da siminti mu huta. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, amma siminti kam kada ku kuskura. Bangon ƙasa yana shan danshi ya kuma fitar da shi, siminti kuwa toshe shi yake yi. Ruwan da ya shiga ta tsaga sai ya maƙale a ciki, tubalin ya yi ta jiƙa a ɓoye, har ranar da simintin zai ɓamɓare haɗe da ƙasar.

Ku fara daga sama. Yawancin yoyo daga indararo yake: ko ya toshe, ko ya yi gajarta yana zubar da ruwa a gindin bango. Sai ku tone bakin azara inda ta shiga bango, don nan take fara ruɓewa. Wadda ta lalace a sauya ta da azarar giginya, ita ce gara ba ta cika ci ba. Kada tazarar da azara za ta ɗauka ba tokari ta wuce kamar mita 2.

Sannan yaɓe. A kankare duk wanda ya saki, a yayyafa wa bangon ruwa. A kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta tsima. Nan ne masu gaggawa ke yin asara, domin ɗanyen kwaɓi tsagewa yake yi. A yaɓa kaurin yatsa biyu, ya sha iska, a ƙara. Daga ƙarshe a bi da makuba, wato ruwan jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi, don ruwan sama ya riƙa zamewa. A gama komai kafin damina ta faɗi.

Tambaya: Rufin ɗaurin guga ne, wato rufi mai tulluwa da ke zaune a kan lanƙwasassun ginshiƙai da ake kira bakan gizo, kuma bakan gizo ɗaya ya tsage. Mu taɓa?

Amsa: A'a. Ku tokare shi tukuna, ku nemi tsohon magini ta hannun Sarkin Magina. Zariya ba ta rasa su ba, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Ku sa yaranku biyu ko uku su riƙa miƙa masa ƙasa suna kallon hannunsa.