Tambaya da Amsa: Yaya ake gane sinadarin da fata ta ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekara shida ke nan ina aikin haɗa gam mai ruwa biyu da ake kira ifoksi, wanda muke shafe daɓen masana'antu da shi. Wata huɗu da suka wuce bayan hannuwana ya fara ja da ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a tsakanin yatsuna, har fatar idona takan kumbura. In na tafi hutu abin ya lafa, in na dawo da kwana biyu ya sake tashi. Abokin aikina ya ce in shafa sinadarin a damtse in ɗaure, in ga ko shi ne. Wannan gwaji ne na gaskiya? Kuma ba a gwada waɗannan kaya ne kafin su iso hannunmu? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Ina roƙonka kada ka bi wannan shawara, ko da yake na san da kyakkyawar niyya aka ba ka ita. Ruwan da ke daskarar da ifoksi yana ƙona fata idan aka ɗaure shi a kanta, kuma ƙunar ba za ta gaya maka komai ba, domin kowa aka ɗaura wa zai ƙone. Abin da ya fi wannan muni shi ne, sinadari mai ƙarfi da aka rufe a kan fata yana iya koya wa jikin da bai ƙi shi ba ya fara ƙinsa.

Sinadari yana cutar da fata ta hanya biyu, kuma raba su shi ne dukan aikin gwaji. Ta farko ita ce cin fata kai tsaye, kamar yadda sabulu mai kaifi ko ruwan wanke fenti ke busar da hannu har ya tsattsage, kuma ita ce ta fi yawa. Ta biyu ita ce borin fata, wanda garkuwar jiki ke haddasawa: ƙananan ƙwayoyin sinadarin suna ratsa fata su manne wa furotin ɗinta, sai sojojin jiki su ɗauke su a matsayin abokan gaba, su haddace kamanninsu. Mutum yana iya shekaru yana taɓa abu lafiya lau kafin wannan ya faru, amma da zarar ya faru, ɗan ɗigo ya isa, kuma galibi jiki ba ya mantawa. Borin ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, abin da ya yi daidai da labarinka na dawowa daga hutu. Kumburin fatar ido ma sananne ne ga masu aikin ifoksi, saboda tiririnsa da ƙurarsa suna sauka a fuska.

Gwajin da ya dace da kai shi ne gwajin manni, wanda likitan fata Josef Jadassohn ya gabatar a 1895. Ana zuba kowane sinadari da ake zargi a ɗan ƙaramin faifai da bai kai farcen ɗan yatsa ba, bayan an sirka shi sosai da man basilin, sannan a jera faifan a kan filasta a manna a gadon baya. Sirkin nan shi ne sirrin gwajin. Ana gwada ifoksi da kashi 1 cikin 100 kawai, gishirin kuromiyom da ke cikin siminti kuwa da kashi 0.5, ma'aunin da ba ya ƙona lafiyayyar fata amma ya isa ya tayar da borin a jikin wanda ke ɗauke da shi. Filastar tana kwana biyu, wato awa 48, ba wanka a wurin, ba aikin da zai jawo gumi. Ranar cirewa likita zai zana wuraren da alƙalami ya duba, sannan ya sake dubawa a rana ta uku ko ta huɗu, wani lokaci har ta bakwai. Zai shafa wurin da yatsa, domin jan da ya taso ya yi tauri, ko ya fito da ƙuraje masu ruwa yana ƙaruwa bayan cire filasta, shi ne alamar bori, alhali jan ƙuna yakan yi lebur ya dusashe da wuri.

Jerin da ake fara gwadawa a Turai yana da sinadarai kusan 30, amma wanda ya zo da ciwon wurin aiki yakan buƙaci ƙari. Saboda haka ka tafi da takardar bayanan kariya ta kowane kaya da kake amfani da shi, da safar hannun da kake sawa, tun da sinadaran da ake sarrafa roba da su, irin su tiyuram, su ma suna haddasa wannan ciwo. Ka faɗa wa likita idan kana shan maganin sitiroyid ko kana shafa shi a gadon baya, domin yana danne sakamako. A ganina, likitan da ya ga ja a bayanka bai gama aiki ba sai ya tabbatar cewa sinadarin yana cikin abin da hannunka ke taɓawa.

Tambayarka ta biyu ta shafi wani gwajin dabam, wato na gano ko sinadari yana iya haifar da bori tun kafin a sayar da shi. An daɗe ana yin sa a kan ɓeran Masar, ta hanyar da Buehler ya tsara a 1965 da wadda Magnusson da Kligman suka tsara a 1969. Daga baya aka koma shafa sinadarin a bayan kunnen ɓera a auna yadda ƙwayoyin kaluluwar da ke kusa suka hayayyafa, hanyar da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta amince da ita a 2002. Daga 2015 ƙungiyar ta fara karɓar gwaje-gwajen da ba su buƙatar dabba, inda ake duba ko sinadarin yana kama guntayen furotin a cikin kwalba, ko yana tayar da ƙwayoyin fatar mutum da aka rena a ɗakin gwaji.

Akwai kuma gwaji a kan masu sa kai, inda ake manna musu sinadarin sau tara cikin mako uku, a huta kamar mako biyu, sannan a manna a sabon wuri. Ni ina tare da masanan da ke ƙyamar yin wannan domin neman sanin haɗarin abin da ba a sani ba, saboda wanda ya shiga da lafiyayyar fata yana iya fita da borin da zai bi shi har ƙarshen rayuwa.

Sakamakon waɗannan gwaje-gwaje shi ne alamar motsin rai da lambar H317 da za ka gani a jikin gwangwani, ma'anarta kuwa kayan na iya haddasa borin fata. Ifoksi yana ɗauke da ita, don haka an gwada shi, an kuma san halinsa; gwajin gargaɗi yake yi, ba ya hana sayarwa. Amma yakan kai ga gyara. Da aka tabbatar kuromiyom ne ke cin hannun magina, Denmak ta wajabta rage shi a siminti a 1983 ta hanyar zuba gishirin ƙarfe, Tarayyar Turai kuma ta sa iyakar kashi 2 cikin miliyan daga 2005, ciwon ya ragu ƙwarai.

Kafin ka ga likitan fata, ka nemi a janye ka daga wurin haɗa ruwan biyu, domin ɗanyen ifoksi ne ke da haɗari, wanda ya gama daskarewa ba kasafai yake tayar da bori ba. Siririyar safar roba ba ta tare shi, yana ratsa ta cikin mintoci, sai mai kauri ta robar da ake kira naitiril ko wadda aka yi musamman domin sinadarai, a kuma sauya ta da zarar ta ɓaci. Kada ka wanke hannu da ruwan wanke fenti, kuma ka riƙa rubuta ranar da ƙurajen suka tashi da aikin da ka yi kwana biyu kafin nan, ka kai wa likita takardar.