Tambaya da Amsa: Yaya aka yi aka haifi Ataturk a ƙasar Girka?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Salonika aka haifi Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, amma da na duba taswira sai na ga garin a Girka yake. Yaya haka?

Amsa: Malam mai tambaya, taswirarka ba ta yi ƙarya ba. Lokacin da aka haife shi a 1881, Salonika, wadda Girkawa ke kira Tasalonika, tana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, kuma ta shafe fiye da shekara 450 a hannunta.

Garin tsoho ne. Sarki Kasanda na Makidoniya ya kafa shi wajen shekara ta 315 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raɗa masa sunan matarsa. Abin da ya sa kowa ke kwaɗayinsa shi ne tashar jiragen ruwa mai kyau, ga kuma hanyar da ke ratsa tsaunuka zuwa cikin yankin Balkan. Wanda ya riƙe garin ya riƙe ƙofar yankin. Rumawa sun riƙe shi, Normawa daga Sisiliya sun wawashe shi a 1185, mutanen birnin Banis na Italiya suka karɓe shi a 1423, sannan Sultan Murad na biyu na Usmaniyya ya ci shi da yaƙi a 1430.

A zamanin Usmaniyya ya zama gari na al'ummu da yawa. Yahudawan da aka kora daga Sifaniya a 1492 sun zo suka zauna har suka fi kowa yawa, ga Turkawa Musulmi, ga Girkawa. Nan ne kuma matasan hafsoshi suka ƙulla juyin 1908 da ya tilasta wa Sultan Abdulhamid na biyu maido da tsarin mulki. Da suka tsige shi a 1909, Salonika suka kai shi zaman ɗaurin talala.

A ganina 1912 ce shekarar da ta fi cancanta a tsaya a kanta. A yaƙin Balkan na farko, rundunar Girka da ta Bulgeriya sun yi ta rige-rigen isa garin. Kwamandan Usmaniyya, Hasan Tahsin Fasha, ya ga ba mafita, sai ya miƙa shi ga Girkawa a watan Nuwamba ba tare da an yi faɗa a cikinsa ba. Bulgeriyawa sun iso jim kaɗan bayan haka, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da ke sosa mini rai shi ne makomar mutanen garin. Gobarar 1917 ta cinye tsakiyarsa. Yarjejeniyar musayar jama'a ta 1923 ta kwashe Musulmi zuwa Turkiyya, aka kawo Girkawan Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke Asiya, a madadinsu. A 1943 'yan Nazi suka kwashe Yahudawa fiye da 40,000 zuwa sansanonin kisa, kaɗan ne suka dawo.

Gidan da aka haifi Ataturk yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi a harabar ƙaramin ofishin jakadancin Turkiyya.