Ga ƙanenmu da ya ce yana jin kamar shi mutum biyu ne

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka, ƴan'uwa. Na ga tambayar ƙanenmu, na kuma karanta amsoshin da aka ba shi. Ga wanda bai gani ba, cewa ya yi a gidan masu bi aka haife shi nan Maradi, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, har jagorancin addu'a ake ba shi a taron matasa, amma yana jin kamar shi mutum biyu ne: akwai na ranar Lahadi, akwai na shago da na cikin ɗaki in ya turo ƙofa da waya a hannu. Ya ce a kasuwa ma da yawa ba su san shi Kirista ne ba. Sai ya tambaya ko ya ajiye waƙa har ya gyaru, da kuma ko yawan binciken kai ba son kai ba ne, tunda Yesu ya ce mutum ya ƙi kansa.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, ba kowa ke iya faɗin abin da ka faɗa ba. Yawancin amsoshin sun ce ka ƙara addu'a da azumi, ban kuma ƙi ba. Sai dai na daɗe ina zama da matasa a ikilisiyarmu, na ga masu azumi ƙwarai waɗanda shekara da shekaru suna nan inda suke. Dalili kuwa, na ranar Lahadin ne ke ta addu'a, na cikin ɗakin ba a taɓa kawo shi gaban Allah ba. Mai ciwon yana gida, an aiki mai lafiya asibiti.

Ka buɗe Farawa sura 27. Ishaku ya tsufa, idonsa ya dushe. Yakubu ya sa tufafin wansa, uwarsa Rifkatu ta rufe masa hannuwa da wuya da fatar ƴan awaki, ya shiga da abinci. Uban ya tambaye shi wane ne, ya ce shi ne Isuwa, ɗan fari. Da tsohon ya yi mamakin yadda aka samo naman da wuri haka, sai Yakubu ya ce ai Ubangiji ne ya ba shi sa'a. Ka ga har sunan Allah an jawo cikin ƙaryar. Albarkar dai ya karɓa, amma abin da ya biyo baya gudu ne, da shekara ashirin a gidan Laban, ana yi masa wayo yana ramawa da dabara. A sura 32 yana hanyar komawa gida aka ce masa ga Isuwa nan tafe da mutum 400. Ya ƙetarar da iyalinsa da dukiyarsa rafin Yabbok, ya rage shi kaɗai, sai wani ya kama shi da kokawa har gari ya kusa wayewa. Yakubu ya ce ba zai sake shi ba sai ya sa masa albarka. Maimakon albarka sai aka jefo masa tambaya: mene ne sunanka? Tambayar ubansa ce ta dawo masa bayan shekarun nan duka, shi kaɗai, ba fatar akuya, ba uwa a bayan labule. Wannan karon ya ce Yakubu. A nan ne aka ba shi sabon suna, Isra'ila, ya tashi yana ɗingishi ya je ya fuskanci wan da ya cuta. Allah bai sāke wa Isuwan ƙarya suna ba. Sai da Yakubu na gaske ya tsaya a gabansa.

Mu nan abin yana da nauyi na musamman, kuma ba laifinka ba ne kai kaɗai. Bisa ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar ba mu kai ɗaya bisa ɗari ba. Ƴan mishan na ƙungiyar bishara ta SIM (Sudan Interior Mission) sun sauka Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru suka kafa tasha a Tsibiri, kuma gidajen masu bi da yawa na yankin nan daga tsirarun iyalai suka yaɗu, suka auri juna. Ko'ina ka shiga an san jikan wane ne kai. Tun kana lakwal ake gaya maka maƙwabta na kallo, kada ka zubar da mutuncin bishara. Gaskiya ne, amma da haka yaro ke koyon wanke fuska kafin ya koyi wanke zuciya. Ka lura da lokacin ba da shaida a sujada. Wane ya warke, wance ta ci jarrabawa, an dawo daga tafiya lafiya. Yaushe rabon da ka ji wani ya tashi ya ce ƴan'uwa, har yanzu ina fama da hassada, ku riƙe ni da addu'a? Sai kowa ya zauna yana tsammani shi kaɗai ne mai miki a cikin majami'a.

Ba ina cewa mu yar da kunya da rufin asiri ba. Abubuwa ne masu kyau da iyayenmu suka bar mana, ba kuma kowane zance ake bajewa a faifai ba. Amma Hausawa da kansu sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zabura 139 ta fara da cewa Ubangiji ya riga ya bincike mu ya san mu, sa'an nan a aya 23 da 24 mai zaburar ya roƙa a bincike shi. Ba Allah ne ke bukatar labarin ba, mu ne ba mu san shi ba. Irmiya 17:9 ta ce zuciya ta fi kome ruɗi.

Ku da kuka taso kuka tarar da itatuwa a gonaki ba ku ga yadda ƙasar nan ta kasance wajen yunwar 1984 ba. Gona fetal, iska na kwashe ƙasa har ta binne shuka. An yi ta kawo dashe daga wuraren renon itace, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya da ke zaune nan Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirorin da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu ta yi zurfi a ƙasa. Maimakon a share, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a datse saura, a kāre su daga dabbobi. Shi ne sassabin zamani. Kalgo da sabara da gawo suka tashi, har ana lissafin kadada wajen miliyan 5 da suka farfaɗo a ƙasar nan. To haka nake ganin girman mai bi. Muna ta dasa halin aro: muryar addu'ar wani mai wa'azi da muka gani a waya, tafiyar wani fasto, kalmomin da ba daga cikinmu suka fito ba. Rani ɗaya ya ishe su bushewa. Shi kuwa mutumin da Allah ya halitta yana nan a binne, da baiwarsa da karkatarsa, muna sassabe shi don kada a gani. Yahaya 15:2 ta ce Uba yana datse reshe mai ƴaƴa don ya ƙara haihuwa. Datsar tana da zafi, amma a jikin itace mai saiwa ake yin ta.

Batun ƙin kai da ka kawo daga Luka 9:23, ina ganin an juya maka ayar. Yaya za ka ƙi abin da ba ka san shi ba? Bitrus ya ce a shirye yake ya bi Yesu kurkuku har mutuwa, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, ba ƙarya ya yi niyya ba. Bai dai san kansa ba ne. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun Ubangijinsa sau uku, farkon wadda ta tsorata shi ma baranya ce. A Yahaya 21 da aka tambaye shi karo na uku ko yana ƙaunar Yesu, bai ƙara cika baki ba, cewa ya yi Ubangiji ka san kome. Wannan Bitrus ɗin aka danƙa wa tumaki. Bulus ma umarni ya bayar a 1 Korantiyawa 11:28, kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji. Son kai shi ne ka zauna kana lissafin yadda mutane ke ganinka. Binciken kai kuwa shi ne ka yarda ka ga abin da Allah ke gani.

Ga abin da nake yi, na kuma ga ya taimaki da yawa. Da dare in gida ya yi shiru, ka kashe waya, ka ɗauki ƙaramin littafin rubutu. Ka fara da godiya kan abin da ya faru a yinin, sa'an nan ka bi ranar daga safe: ina na ji haushi, ina na ji tsoro, ina na faɗi abin da ba haka yake ba, ina kuma na ji raina ya yi fari? Ba sabon abu ba ne. Ƴan'uwanmu Katolika sun gaji irin wannan binciken na dare daga Ignatiyus na Loyola, wanda ya rasu a 1556. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka kira abu da sunansa. Addu'ar nan tamu ta "ka gafarta mana waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba" tana da wurinta a taro, amma kai kaɗai da Allah ka ce yau na ƙara wa mutum kuɗi don na ga baƙo ne, yau na ji ciwo da aka yabi muryar wane, yau na kalli abin da bai kamata ba. In ka jima kana yi za ka ga abu ɗaya ke ta dawowa da riguna dabam-dabam. Ni dā na ɗauka zafin rai ne damuwata. Rubutun ya nuna mini ba na hawa sai inda na ji za a raina ni a gaban mutane, ashe tsoro ne a ƙasa, daga nan addu'ata ta sami inda za ta dosa. Kada kuma ka rubuta laifi kaɗai. Wanda bai san baiwarsa ba shi ma bai san kansa ba, shi ne za ka ga ya nace sai ya yi wa'azi alhali Allah ya ba shi hannun jinya ko haƙurin koyar da yara.

Amma kai kaɗai ba za ka gama ganin kanka ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dawuda da kansa sai da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, kafin Zabura 51 ta fito daga bakinsa. Yakubu 5:16 ta ce mu hurta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a. Ka nemi mutum ɗaya, namiji, wanda ya girme ka cikin bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin asirin wani a bakinsa ba. A nan ka yi hattara sosai. Na ga yadda magana ke fita da sunan "abin addu'a" da safe a Sabon Gari, kafin la'asar ta isa unguwar Zariya, yaro ya daina zuwa sujada ɗungum. Wannan zunubi ne babba a cikinmu, ya kuma kamata mu dattawa mu tsawata a kai. Kada ka zuba dalla-dallar damuwarka a nan cikin jama'a, abin da ka faɗa ya isa.

Akwai rami a hanyar nan da nake so ka sani. Wasu in suka fara ganin kansu sai su nutse cikin baƙin ciki. 2 Korantiyawa 7:10 ta raba baƙin ciki irin na Allah, mai kai ga tuba, da irin na duniya, mai kai ga mutuwa. Yadda nake gane su, Ruhu Mai Tsarki yana nuna abu takamaimai da abin yi: ka mayar da kuɗin nan, ka je ka nemi gafarar ƙanwarka. Muryar da ke cewa kai dai banza ne, ba ka da amfani, ba tasa ba ce. Shi ya sa ake fara binciken daga Romawa 5:8, tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ba bincike ne zai sa a karɓe ka ba, an riga an karɓe ka, shi ya sa kake iya dubawa ba tare da ka ruguje ba. In kuwa abin ya kai ga rashin barci, ƙin abinci, ko tunanin cutar da kanka, ka gaya wa wani a ranar, ka kuma ga likita. Ba rashin bangaskiya ba ne.

Zancen kasuwa kuma, kada kowa ya yi saurin yanke hukunci. Akwai ƴan'uwanmu da bayyana bangaskiyarsu zai iya raba su da gida da abinci, Littafi ma ya ambaci Yusufu mutumin Arimatiya da ya bi Yesu a ɓoye saboda tsoro, shi ne kuma ya je ya roƙi jikinsa wurin Bilatus. Amma kai ɗan gidan masu bi ne, don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: hikima ce ko tsoron rasa ciniki da abokai? A Galatiyawa 2 Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya da wasu baƙi suka zo daga Urushalima, Bulus ya tsawata masa ido da ido. Ba sai ka kafa allo a ƙofar shago ba. In an tambaye ka ina ka shiga ran Lahadi, ka ce sujada. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa sun fi girmama wanda ya tsaya a kan abin da ya gaskata da mai noƙe-noƙe, na ga wannan da idona. Kada kuma ka yarda da masu cewa Bahaushe ba ya zama Kirista. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu.

Waƙa kuwa, ni ban ga dalilin ajiye ta ba don kawai ka gano kana da rauni, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sau da yawa wanda ya janye "har ya gyaru" nisa yake ƙarawa, don ya rabu da mutanen da za su riƙe shi. Sai dai in abin da kake ciki yana cutar da wani, kamar yarinyar da kake yaudara ko kuɗin ƙungiya da ke hannunka, to ka je wurin fasto a makon nan ka faɗa masa da bakinka, ku yanke shawara tare ko za ka ɗan sauka, da yadda za a biya wanda aka cuta hakkinsa.