Garkuwar da ba a gani ba za ta tare maka ƙara ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko garkuwar nan da ba a gani, irin ta finafinai, gaskiya ce, kuma ko za ta tare hayaniyar maƙwabcinka. Wallahi na tausaya maka. Ƙarfe biyun dare kiɗa na dukan bango, ka yi magana a ce ka cika ƙorafi, da safe kuma mutumin ya gaishe ka kamar bai yi komai ba. Abin da ciwo.

Ƙarfin maganaɗisu da na lantarki, waɗanda su ma ba a ganinsu kamar garkuwar nan, gaskiya ne, amma sauti girgizar iska ce, mai gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, iska kuwa ba ruwanta da maganaɗisu. Abin da ke kashe sauti shi ne wurin da aka zuƙe iskarsa, kamar yadda masanin kimiyya Robert Boyle ya nuna tun shekarar 1660. Sai dai in ka zuƙe iskar wuri, iskar waje na danna kowace murabba'in mita ta bangonsa da nauyin kusan tan 10. Wane bango zai ɗauka?

Kada ka ɓata kuɗinka a kan soso ko kiret ɗin ƙwai. Amsa-kuwa kawai suke ragewa, ƙarar waje ratsa su take yi. Masu tallata su a matsayin maganin hayaniya, Allah ya shirye su.

Fara da ƙofa da taga. Kashe fitila da rana, duk inda haske ya shigo, ƙara ma ta nan take bi, sai ka toshe da roba. Idan kafa ta kai kashi 1 cikin 100 na bangon, komai kaurinsa ragin ƙarar ba zai wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 ba. Sannan nauyi: ninka nauyin bango na rage kusan desibel 6, kunne kuwa sai an rage 10 yake jin ƙarar ta koma rabi. Shi ya sa bango na biyu ya fi, a bar rata a tsakani, kada su taɓa juna, in sun taɓa girgizar ta samu gada.

Na'urar kunne mai soke ƙara fa? Tana fitar da kishiyar sautin ne su kashe juna. Tana iya wa gurnani mai kauri irin na inji, amma a bakin kunne kaɗai, ba ɗaki guda ba, muryar mutane kuma ratsowa take yi. Kafin ka gyara ƙofar, janye gadonka daga jikin bangon nan tukuna.