Abin da ya sa firintar sama take zubo maka shirme

Na ga saƙonka tun azahar, ina wajen gyara a Ƙofar Ƙaura shi ya sa ban amsa ba. Ka ce ka tura furojet ɗin ɗalibi daga kwamfutar Linux ɗin nan zuwa firintar ofishin sama, sai ta kama zubo takardu kowane shafi layi ɗaya ko biyu na shirme har ta cinye kusan rabin rim kafin ka hau ka kashe ta. To lafiyarta lau yarona, kar ka kuskura ka sa mata sukudireba.

Ɗauko shafin farko ka duba can sama, in ka ga %!PS ko %PDF to fayil ɗin ɗanye ya isa gare ta. Ita wannan tamu yaren firinta da ake kira PCL kaɗai take ji, kai kuma ka yi mata wani yare ba tafinta, sai ta ɗauka rubutu ne ta yi ta buga shi harafi harafi. Filta shi ne tafintan, ɗan firogiram ne da yake karɓar fayil ya juya shi zuwa yaren firinta kafin ya fita, kuma yawanci wani firogiram mai suna Ghostscript ne ke aikin a ƙarƙashi.

Inda abin ya taɓa ba ni wahala shi ne zamanin lpd, tsohon firogiram ɗin da ke kai aiki ga firinta. A cikin fayil ɗin saitinsa /etc/printcap kana rubuta if= ka nuna filta, to amma a tsofaffin lpd da zarar ka sa rm= da rp= wato firintar tana nesa a kan netwok, sai ya tsallake filtar gaba ɗaya ya cilla fayil yadda yake, wai can za a gyara, alhali can ba kowa sai firinta. Dabarar ita ce ka buɗe layin jiran bugu biyu. Na farko na ƙarya ne, ka nuna masa /dev/null, wato ba ko'ina, filtarsa ta juya fayil ta miƙa wa umarnin bugu lpr -P na layi na biyu, shi kuma ya kai. Kwana biyu na yi kafin na gano wannan, ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Kai dai ka huta tunda CUPS gare mu, wanda ya maye gurbin lpd. Buɗe burawuza ka shiga localhost:631, ina kyautata zaton raw, wato ba filta, ka zaɓa lokacin da ka saka ta. Goge, ka sake sakawa da socket:// da IP ɗinta da 9100, ka zaɓi direban da ya dace da lambar da ke jikinta, ba mai kama da ita ba. In kuma wata kwamfuta ce a sama take riƙe da firintar da direbanta, to bar nan raw ɗin, can za a juya, juyi biyu ma yana ɓata aiki.

In za ka gwada, takarda biyar kawai ka bari a tire. Rabin rim ɗin can kuma ka yanka mana shi mu yi rasit da bayansa.