Kabad ɗin shuka ganye ba ƙasa a ɗakin haya

Ɗan'uwa, ka ce kana haya a Ƙofar Ƙaura a Katsina, ba fili, kana son kabad da za ka shuka latas da na'a-na'a a ruwa ba tare da ya ɓata tsarin ɗaki ba. Abu ne mai yiwuwa.

Nemi tsohon kabad na katako, ka shafa farin fenti a ciki. Ka rataya fitilar LED ta shuka, tana ci awa 14 zuwa 16 a rana, gwamma a kan sola tunda wuta ba tabbas. Saboda haka ma nake son hanyar Kratky, wato shuka a ruwa ba injin famfo mai cin wuta. Bokiti ne mai murfi, ruwan taki a ciki, saiwa na sha ruwan na sauka, ratar da ta rage ita ke ba ta iska. Bokitin ya zama baƙi, in haske ya shiga gansakuka za ta cinye takin. Taki na shukar ruwa za ka saya, NPK na gona bai cika narkewa ba. Ka riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, tsakanin 5.5 da 6.5.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne zafi. Bazarar Katsina tana haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa ruɓar da saiwa yake yi, latas ya yi ɗaci. Huda kabad ɗin ƙasa da sama, sa fankar kwamfuta a ramin sama tana fitar da zafi. Ni dai da ni ne, zan fara da hunturu, in bazara ta kama in koma alayyahu. Kuma don Allah wayoyin lantarki su tsaya sama da ruwa.